Takardun Gwaji Biyu Sun Hana Ni Yi wa Marigayi Mijina Addu'a

Hajiya Baraka, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, domin duk faɗin Faskari ba ni da wanda zan iya buɗe baki in faɗa ma wannan magana. Ki ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne.

Ni malamar firamare ce, shekarata talatin da huɗu, ɗiyata guda, Ummu Salma, tana aji huɗu. Mijina, bari in kira shi Badamasi, mutumin Sabuwa ne, fataucin masara yake yi. Shekara huɗu ke nan 'yan bindiga suka tare motarsu suna dawowa daga kasuwa, shi da mutum uku ba su iso gida da rai ba. Shekara bakwai muka zauna. Ya taɓa aure kafin ni, sun rabu tun ban san shi ba. Ni kuwa, Allah ne shaidata, ban san wani namiji ba sai shi, kafin shi da bayansa.

Bara ne Malam Mas'ud, malamin gona a Ƙanƙara, ya fito neman aurena. Matarsa ta rasu wajen haihuwa. Mutum ne mai sanyi, ba ya da yawan magana, Ummu Salma ma ta saba da shi. Manya suka shiga, aka sa rana bayan ƙaramar salla. Muka yi gwaje-gwajen da ake yi kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, duk lafiya lau.

Ni na ja ma kaina. Watanni kafin nan wani ɗan ƙurji ya taɓa fito mani a gaba, ya yi zafi kwana uku ya baje. Ban ɗauke shi bakin komai ba, lokacin zafi ne kuma na yi aski. Amma da aure ya matso sai na ce bari in tsaftace komai kafin in shiga gidan mutane. Na je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Funtuwa, na ba mai gwajin labari, ya ce akwai gwajin jini na wata cuta da ake kira herpes, ƙuraje ne da ke fitowa a al'aura, ta saduwa ake ɗauka. Wallahi ranar na fara jin sunan. Da takarda ta fito ya nuna mani lamba, ɗaya da ɗigo huɗu, ya ce duk abin da ya wuce ɗaya da ɗigo ɗaya to akwai. Ya ce ba ta warkewa, da ita zan mutu. Yana faɗa yana miƙa ma wata mata tata takardar. Ban san yadda na shiga motar Faskari ba.

Bayan sati uku na kasa haƙuri, na tafi Katsina da sunan zan gaida ƙanwar babana, na sake gwajin a wani wuri. Wannan karon lambar ba ta kai ɗaya ba. Matar da ke wurin ta ce ba a ce akwai ba, ba a ce babu ba, tsaka-tsaki ne, in dawo bayan wata uku. Hajiya, wata uku? Ni da aka sa ma rana. Yanzu takarda biyu ke cikin jakata, kullum sai na fiddo su na jera na duba, kamar lambobin za su canza. Mai kemis ɗin unguwarmu na ce mashi sanyi ke damuna, ya yi mani allura biyar, ban ga abin da suka tsinana ba in ban da ciwon cinya.

Na shiga waya ina karatu, hotunan da na gani sun hana ni cin abinci. Na ware kofina da cokalina da butata. Na hana Ummu Salma hawa gadona, na daina yi mata kitso, ina tura ta maƙwabta. In na fito banɗaki sai na wanke shi da ruwan bilic har hannuwana sun fara saɓewa. Ko ƙurajen nan da ke fito mani a leɓe in na yi zazzaɓi, tun ina yarinya nake yin su ban taɓa damuwa ba, yanzu da na ji leɓena ya yi ƙaiƙayi sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya Ummu Salma ta tsaya bakin ƙofa ta tambaye ni ko wani laifi ta yi mani. Na ce babu, na juya baya don kada ta ga idona. A aji kuwa sai in rubuta rabin jimla a allo in tsaya, sai yara sun yi ta kiran Malama kafin in dawo.

Amma ba cutar ce ta fi cin raina ba. In dai akwai ta, daga wurin wa na samo? Mutum ɗaya ne. Badamasi yakan bi mota da masara har Legas, ya yi kwana goma, sati biyu. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Yanzu duk tafiyar da ya yi sai in zauna ina tono ta, wace rana ya ce zai dawo, me ya sa ya ƙara kwana biyu, turaren nan da ya taɓa zuwa da shi wa ya zaɓa mashi. Har tsohuwar wayarsa na ɗauko daga akwati na sa caji, na bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Ba komai sai maganar mota da buhuna, da hotunan ɗiyarsa tana rarrafe. Na ji kunyar kaina, amma zuciyata ta ce ai mutum na iya gogewa.

Tun rasuwarsa duk Juma'a nakan yi waina in rarraba sadaka da niyyarsa. Juma'a biyar ke nan ban yi ba. In na ɗaga hannu bayan salla zan ce Allah Ya jiƙansa, sai in sauke hannun ban faɗa ba. Mahaifiyarsa na Sabuwa, har yau ɗiyata take ce mani, ita ce ma ta fi kowa matsa mani in yi aure. Ta kira ni sau uku ban ɗauka ba. Da yana da rai da na tambaye shi, ko mu yi faɗa ko ya rantse mani. To wa zan tambaya? Na rasa shi a kan hanya, yanzu kuma ina rasa shi a cikin raina, wannan ya fi na farko ciwo.

Malam Mas'ud kuma na ɗage mashi biki sau biyu. Na farko na ce jarrabawar yara, na biyu na yi ƙaryar Inna ba ta da lafiya, alhali ya gan ta tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Duk Asabar yana hawo babur daga Ƙanƙara, kin san kuwa halin da hanyoyinmu ke ciki. Wancan satin da zai tashi ya ce, "Malama, in wani abu kika ji a kaina, ki faɗa mani. In kuma kin fasa ne, zan iya ɗauka. Rashin sanin ne ba na iyawa."

In na faɗa mashi, me zai ɗauke ni? Bazawara mai cutar saduwa, a garin da in ka yi tari da safe kafin azahar an ji a tasha. In na yi shiru na aure shi na shafa mashi, me zan ce ma Allah? In na fasa, Baba Alhaji da ya ba da ni sai ya ji dalili. Yayata Suwaibatu ta ce na rame, ta tsare ni da tambaya, na ce ulsa ce. Hajiya, akwai ranakun da nake cewa da ma ina cikin motar nan tare da Badamasi, da duk an huta. Na san saɓo ne, amma haka nake ji. Ki faɗa mani gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Taki cikin ruɗani,
Wata malama, Faskari

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Zan fara da maganarki ta ƙarshe, domin ita ta fi tayar mini da hankali. Wanda ya fara jin da ma ya mutu bai kamata ya ci gaba da ɗaukar kaya shi kaɗai ba. Yau ɗin nan ki kira Suwaibatu ɗaki ki gaya mata komai. Ta riga ta san ba ulsa ba ce. Idan wannan tunanin ya ci gaba ko ya ƙaru, ki faɗa wa likita kai tsaye, shi ma ciwo ne da ake magani.

Ni ba likita ba ce, saboda haka na kai wasiƙarki wurin wata likitar mata, ba tare da suna ba. Ga abin da ta ce. Gwajin jinin nan ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da garkuwar jiki ta bari yake nema, kuma ya shahara da kuskure idan lambar ta yi ƙasa. Lamba irin taki, wadda ba ta kai uku ba, sau da yawa idan aka bincika sai a tarar babu komai. Cutar iri biyu ce. Ƙurajen leɓe da kike yi tun kina yarinya su ne iri na farko, mafi yawan manya suna ɗauke da shi tun ƙuruciya, kuma yakan rikita gwajin iri na biyu. Ba ta ce ba ki da ita ba, ba wanda zai rantse a kan haka daga nesa. Ta ce abin da ke hannunki bai isa a ce kina da ita ba, kuma wanda ya yanke miki hukunci a tsaye ya yi gaggawa.

Ki ɗauki takardun biyu ki je babban asibiti a Katsina ko Zariya, ki nemi ganin likitar mata, ita za ta faɗi gwajin da ya dace da lokacinsa. Idan ƙurji ya sake fitowa, ki je cikin kwana biyu a ɗebi ruwansa, wannan ya fi na jini tabbas. Ki bar allurar kemis, ki bar hotunan waya, mafi muni ake zaɓa a saka.

Ko da ta tabbata, ba a ɗaukarta ta kofi ko buta ko gado ko kitso. Ki ajiye bilic, ki kira ɗiyarki ki tsefe mata kai. Abin kiyayewa kawai, idan na leɓe ya fito kada ki sumbaci yaro sai ya warke. Cutar ba ta kisa, ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa, sai dai a sanar da likita idan an samu ciki. Akwai ƙwayoyin da ke kwantar da ita su rage yaɗuwarta.

Game da marigayi, na fahimci abin da ya sa zuciyarki ta tafi can, ba zan ce miki muguwa ba. Amma duba abin da kika riƙe: gwajin da bai tabbata ba, a kan mutumin da ba zai iya kare kansa ba. Likitar ta ce mutum kan ɗauki wannan cuta shekaru da dama bai sani ba, ko ƙurji ɗaya bai taɓa gani ba. Wanda ya taɓa aure yana iya shigowa da ita ta hanyar halal, ita ma waccan matar ba lallai ta sani ba, kada ki mayar da zargin kanta. Ba zan iya ba ki shaidar abin da ya yi a Legas ba, ba wanda zai iya. Abin da kike da shaidarsa shi ne zaman shekara bakwai da kika gani da idonki. Ki yi masa addu'a ko da bakinki na nauyi, ki kuma amsa kiran mahaifiyarsa.

Saura Malam Mas'ud. Sirrinki naki ne, Baba Alhaji da sauran dangi ba su da haƙƙin jin wannan magana. Shi kuwa yana da haƙƙi, domin jikinsa ne zai haɗu da naki, kuma yanzu haka yana zargin kansa a kan laifin da bai yi ba, yana bin hanya mai haɗari duk sati. Kada ki jira wata uku. Asabar mai zuwa ki gaya masa, ku biyu, yadda abin yake: gwaji ɗaya ya ce wataƙila, ɗaya ya ce ba a sani ba, kina neman tabbaci. Ki roƙe shi ya riƙe amana, ki ce in ya yarda ku je wurin likitar tare ya yi tambayoyinsa da kansa. Shi ma ya taɓa aure, ya san jiki ba ya zuwa da takardar shaida.

Ba zan yi miki alkawarin zai tsaya ba. Yana iya jin tsoro ya ja da baya, kuma zai yi miki ciwo. Amma mutumin da ya ce zai iya ɗaukar gaskiya, ki ba shi ita ki gani. Idan ya tsaya, ku sa rana ku daina ɗagawa, ba sai an jira lamba ta uku ba.

Allah Ya ba ki lafiya da natsuwa, Ya jiƙan mijinki, Ya raya Ummu Salma, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Hajiya Baraka