Ni na sa mata almakashi cikin jakar hannu

Assalamu alaikum Anti, ina gaida ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a tsaya a ji ƙarshen maganata.

Ni macen aure ce a Madarunfa, sana'ata ɗinkin hannu, zanen gado da rigunan filo. Akwai ɗiyar baffana, zan kira ta Rakiya, ni na koya mata riƙon allura tun tana soke yatsa tana kuka. Bara na yi wata bakwai ina ɗinka wani zanen gado, na zuba masa tsuntsayen bakin tafkinmu da zare kala tara, har idona ya fara yaji. Rakiya ta zo ta ce, "Yaya, ara mini in kwaikwayi zanen." Na ba ta. Ashe wasu masu taimakon mata ne suka zo Maraɗi neman wadda za su kai baje kolin sana'a a Dakar, ta shimfiɗa musu aikina ta ce nata ne. A gidan suna na ji labari, ana ta yi mata barka. Da na tare ta sai ta ce, "Haba Yaya, ke da ni ai duk ɗaya ne." Ɗaya ne? Idonta ne ya yi yaji?

Ban yi faɗa ba, murmushi na yi. Na taɓa zuwa Umra, na ga yadda ake karɓe almakashi da reza a filin jirgi, ita kuwa ko Yamai ba ta taɓa zuwa ba. Ranar haɗa kaya na je da kaina. Na ce mata, "Kada ki sa aikin cikin balis, manyan akwatunan nan ɓacewa suke yi, riƙe shi a jakar hannu." Ta ce, "Allah ya bar mana ke, Yaya." Tana fita ɗebo mini ruwa na tura babban almakashina da reza biyar da basilla cikin ninkin zanen, can tsakiya. Ina jin kunyar faɗa, amma da ta dawo na karɓi ruwan na sha abina.

Abin da ya faru a filin jirgin Yamai daga bakinta na ji. Na'ura ta nuna ƙarfe, aka tambaye ta ko akwai abu mai kaifi, ta rantse da Allah babu. Aka warware zanen gaban mutane, kaya suka zubo. Ta rikice, ba ta jin faransanci, ta riƙe zanen tana gardama tana kuka, aka shiga da ita ofis. Kafin a gama tambayoyi jirgi ya tashi. Wata Madam da ke rakiyar masu zuwa baje kolin ta karɓi zanen ta wuce da shi, Rakiya ta dawo a mota. Sati uku ba ta leƙa waje ba, mata na kiranta Hajiya Dakar. Ni kuwa abinci ya yi mini daɗi a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Ta ɗauka yaranta ne suka yi wasa da kayan, har ta dake su. Wannan kam ya tsaya mini a rai. Sannan ta zo ɗakina ta durƙusa ta ce, "Haƙƙinki ne ya kama ni, ki yafe mini." Na ce to ki je ki faɗa wa mutanen nan gaskiya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mijina zai ji, Yaya, ki rufa mini asiri." Wato ni in yafe a ɗaki, ita ta ci suna a fili?

Shekaranjiya ta dawo. Zanen ya samu karɓuwa a Dakar, da sunanta a jiki, an ce ta kawo guda goma irinsa, kuma za a sake biya mata jirgi. Ba ta iya ba, ni ma na sani. Tana roƙo in ɗinka a ɓoye mu raba abin da aka samu. Na ce ta ba ni kwana uku.

Anti, zuciyata ba ta huce ba. Wani lokaci ina so in karɓa in ja ta har ranar tafiya in ce ban yi ba. Wani lokaci ina so in tafi Maraɗi da allurata in ce a ba mu ƙyalle ni da ita gaban kowa. Amma in na tona nata, nawa fa? Gobe da hantsi za ta zo jin amsa. Me zan yi?