Gyaɗar da Na Ƙi Cirewa

Zuwa ga Fadima, farin watan Dawakin Tofa, ruwan randa a tsakiyar rani, inuwar gawo ranar da rana ta ƙwalle! Gaisuwa daga Sama'ilu, wanda kika bari da rabin rai.

Kin tafi Damagaram jegon yayarki, kika ce kafin shuka kin dawo. Sai Turawan Ingila da na Faransa suka ɓata, suka datse iyaka kamar gonar ubansu. Su da ba su taɓa shan furarki ba, me ya haɗa ni da rigimarsu?

Sabo bafatake ya biyo ɓarauniyar hanya, ya kawo mini labarin da ya raba ni da tuwo. Wai wani Iliyasu mai fataucin kanwa kullum yana durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gidan yayarki, har yana ba ki dariya! Haba Fadima! Dariyar da na yi ta gayya a gonar babanki don in ji ta, ita ake rabawa kyauta? Wallahi kishi nake, ba zan ɓoye ba. Ina kishin raƙumin, ina kishin ƙwaryar da kika miƙa masa ruwa, ko rairayin da kike takawa ban yafe masa ba.

Kin tuna ranar cirar gyaɗa, da kika ɓare guda, kika ci ƙwaya ɗaya, kika ba ni ɗaya? Ni ban ci tawa ba. Na shuka ta a bayan rumbu, na sake shuka 'ya'yanta, bana ta cika kunya guda.

Yanzu ana raɗe-raɗi a kasuwar Tofa wai Turawan za su shirya, su buɗe hanya, shanu su gangaro, goro ya haura. Kowa murna yake, liman har addu'a ya ja. Na shafa, amma ban taya su murna ba. Hanyar da za ta kawo mini ke, ai ba za ta hana raƙumi wucewa ba. In Iliyasu ya zo da manyansa gaban babanki, da me zan tare shi? Da fartanya?

Kowa ya cire gyaɗarsa, ni na ƙi taɓa tamu. Ƙasa tana bushewa, gara ta fara zagaye. Don Allah, sanyin idona, ki zo mu cire tare, kuma ki zo ke kaɗai. In na hango raƙumi a bayan jakinki, zan bar wa gara ta cinye.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Sama'ilu