Safiyar da Ban Taimake Ki Ba

Marlys, masoyiyata, sanyin idona, matar ƙuruciyata kuma matar furfurata,

Ke ce ranar farko ta bazara bayan ƙanƙara ta saki tafki, ranar da kowa a garin nan yake fitowa ƙofar gida ya tsaya kawai don ɗumi ya taɓa shi. Ke ce ruwan tafkinmu da sassafe kafin iska ta farka, lumui, babu ko yamutsa ɗaya. Wayyo Marlys! Da me zan gaishe ki, ni da na zubar da darajar bakina a wurinki? Mako bakwai ke nan da kika koma gidan yayarki a garin Duluth. Na kira ki har na daina ƙirgawa, ba ki ɗauka ba, ban kuma ga laifinki ba. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, ni da rabona da rubuta wasiƙa tun muna saurayi da budurwa. Akwai magana ɗaya da ban gaya miki ba ranar da kika tafi, kuma taki ce, ba ni da ikon ci gaba da riƙe ta.

Allonki na wasan zamiya a kan ruwa yana nan rataye a gareji inda kika bar shi. Safar hannunki ta bushe a kan ƙusa, ta ƙandare da siffar yatsunki. Yayarki ta ce ko wajen ruwa ba kya kallo, wai in an yi zancen wasan sai ki tashi ki shiga kicin. Wannan ya fi tafiyarki yi mini ciwo, kuma Allah ya sani tafiyarki ta yi mini ciwo.

Kin tuna ranar da muka haɗu? Shekara ashirin da biyu ke nan. Kika sauko bakin tafki da allo a kafaɗa, gashinki a ɗaure da wani tsohon ƙyalle, kika dube ni sama da ƙasa kamar mai sayen doki, kika ce, “Kai ne direban? To ka riƙe shi a miƙe, sauran aikina ne.” Na ɗaura igiya a bayan jirgin ruwa, kika kama mariƙinta. Na ja ki, ina kallonki ta madubin jirgi. Ƙwallo shida ne a kan ruwa, uku dama uku hagu, kowa ya san wannan, na kuma ja ɗaruruwan mutane sun kewaye su. Amma ban taɓa ganin wanda ya kewaye su kamar ke ba. Ki kwanta da jikinki baya ki ja igiya, ki yanke tozon ruwan da jirgi yake tayarwa kamar ba ya nan, ki saki hannu ɗaya ki miƙe har kafaɗarki ta kusa shafar ruwa, allon ya zagaye ƙwallo, katangar ruwa ta tashi a bayanki ta fi ki tsawo, rana tana ratsa ta. Kafin in lumshe ido kin riga kin tsallaka ɗaya gefen. A ƙwallo na huɗu na san na shiga uku. Da muka tsaya kika ce tuƙina ba laifi, sai dai ina kallon madubi da yawa.

Shekara da shekaru muna haka, mu biyu kaɗai, kafin maƙwabta su tashi. Ke a ƙarshen igiya, ni a sitiyari, mil talatin da huɗu a awa, ba daɗi ba ragi. Duk lokacin da kika cinye shida sai in tsaya in rage igiya zuwa madauki na gaba. Kowane madauki da launinsa: ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi. Sai na shunayya, wanda ya hana ki barci shekara goma. A wannan madaukin igiyar ba ta ma kai ƙwallon ba, ko da kin miƙe ta sambal daga jirgi, tana gazawa da kusan inci goma. Ragowar da jikinki za ki cike ta, da tsawon hannunki da ƙarfin halinki. Kin sha gaya mini ba kofi kike nema ba, ba kuma suna ba. So kike ki cinye shida a kan shunayya sau ɗaya kafin gwiwoyinki su ce sun gaji.

Sai aka yi miki aikin kafaɗa, shekara uku da suka wuce. Kika dawo ruwa, har shuɗin da kike cinyewa ido rufe ya fara gagarar ki. Wata safiya kika faɗi a ƙwallo na uku, karo na biyar a jere. Na juyo da jirgi na same ki kina yawo cikin rigar ruwa, kin kifa goshi a kan allo. Kika ce ruwa ne ya shiga idonki. Marlys, shekara goma sha tara ina tare da ke a lokacin, na san bambancin ruwan tafki da hawaye.

A zagaye na gaba na yi abin da direba ba ya yi. Da kika nufi ƙwallo, na karkata sitiyari kaɗan, na kai jirgin wajenki. Inci uku, ko huɗu. Da kika tsallaka, na bi ki ɗaya gefen. Kika cinye shida, kika saki mariƙin igiya kika ɗaga hannu biyu sama kina ihu har karnukan tsallaken tafki suka amsa. Kai, wannan dariyar! Na ce a raina yau kaɗai ne, don ta samu ƙarfin gwiwa. Washegari na sake. Inci huɗu ya zama shida, shida ya zama taƙi guda. Hannuna ya koyi abin har ya daina neman izinina. Da kika kai shunayya kika cinye ta, kika rungume ni da jiƙaƙƙen jikinki kika ce, “Leland, na yi! Ka gani? Na yi!” Na ce na gani. Na toya miki burodi mai kirfa a ranar, muka kira duk dangi.

Na kira abin ƙauna. Yanzu da nake zaune ni kaɗai a gidan nan na gane rabinsa ne kawai ƙauna. Sauran rabin ragwantaka ce. Ba zan iya jure ganin fuskarki a murtuke a teburin karin kumallo ba, sai na saya wa kaina kwanciyar hankali da abin da ya fi komai daraja a wurinki.

An gargaɗe ni. Tsoho Arvid, maƙwabcinmu, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi a gasa kafin ya ajiye, ya tare ni bara a wurin shan mai. Daga barandarsa ana hango layin jirgi tun daga farko har ƙarshe. Ya ce, “Leland, jirgin naka giya yake sha da safe? Kullum ina kallonsa yana tangaɗi.” Na yi dariya na ce iska ce. Ya ce, “Iskar da ta san inda ƙwallo yake? Yaro, ka gyara kafin wani ya ja ta.” Na ce ya kula da hawan jininsa ya bar mini matata. Haka na gaya wa dattijon da ya koya mini tuƙi.

Sauran kin san shi, amma bari in faɗa da bakina, don ranar da ya kamata in faɗa na tsaya ina kame-kame. A watan Agusta kika shiga gasar yanki. Kika gaya wa kowa, yayarki ta zo da ’ya’yanta da wani ƙyalle da suka rubuta sunanki. Matar da ta ja ki ta riƙe jirgi a miƙe kamar an ja layi da zare, kyamara tana kallonta daga ƙarshen tafki. Da ƙyar kika tsira a shuɗi. A shunayya ƙwallo ɗaya da rabi kika samu, kika kife. Kika fito kina murmushin nan da kike yi wa baƙi.

Kwana tara bayan haka su ne abin da ba zan yafe wa kaina ba. Kin ɗora laifin a kan wutsiyar ƙarfen da ke ƙarƙashin allonki. Kika shimfiɗa allon a kan teburin gareji, kina auna ta da ma’auni, ki matsa ta gaba da kaurin gashi, ki mayar da ita baya, ki rubuta a littafinki. Kika canza takalmin robar da ke manne a allon. Kika auna igiya da tef, madauki bayan madauki. Ni kuwa ina tsaye a gefenki ina miƙo miki sukudireba! Har shawara nake ba ki. Sai da Arvid ya kasa daurewa, ya leƙo ya ce, “’Yata, bar wahalar da ƙarfen nan, lafiyarsa ƙalau. Tambayi mijinki.” Kika juyo kika dube ni. Ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga. Kika ce, “Tun yaushe?” Na ce shekara uku. Kika ce, “Ke nan ban taɓa yi ba.” Na yi shiru. Kika rataye allon, kika wanke hannu, kika haɗa jaka.

Shirun nan ƙarya ne, Marlys, kuma dominsa na rubuto.

Kin tuna ranar Talatar nan ta watan Yuli, da kika jefar da tsohuwar hular mahaifina a shara, wai ta ruɓe tana wari? Ta ruɓe ɗin kuwa. Amma muka yi faɗa tun daga kicin har bakin ruwa, na ce ba ki da tausayi, kika ce ni da hular duk ɗaya muke. Na hau jirgi raina a ɓace. Da na maƙala igiya a madaukin shunayya na ce a zuciyata, yau za ta ga iyakarta. Na kafe hannu biyu a sitiyari, na zuba ido a tsakiyar layi, ban ba ki ko rabin inci ba. Tunda nake tuƙi ban taɓa miƙe jirgi kamar safiyar nan ba. So nake ki faɗi, ki sha ruwa, in juyo in tambaye ki ko lafiya.

Ba ki faɗi ba. A ƙwallo na ɗaya kin fita da wuri, da faɗi. Na biyu, na uku, igiya a ɗaure tam, ina jin jan ki har cikin kujerata. A na huɗu kin makara, na ga allon ya yi rawa, na ce shi ke nan. Kika miƙe har na rantse yatsu uku kawai suka rage a kan mariƙi, kika zagaye shi. Na biyar. Na shida. Kika wuce ƙarshen layi kika saki igiya, ko hannu ba ki ɗaga ba, don fushi kike yi, kuma a wurinki safiya ce kamar kowace safiya. Kika hau jirgi kika ce in miƙo miki tawul. Na miƙo miki. Abin da kika nema shekara goma ya faru a gabana, kuma ban isa in buɗe baki ba, don in na ce yau ta gaskiya ce, sai kin tambaye ni sauran ranakun.

Ga abin da na yi miki, ya abar ƙaunata. Shekara uku ina son ki ina yi miki ƙarya, safiya ɗaya da na ji haushinki ita ce na ba ki gaskiya. Babu wanda ya gani. Arvid yana asibiti ana duba masa ido a makon, na tambaye shi. Ba kyamara, ba fasinja. Shaidarki ɗaya a duniya ita ce mutumin da ya yi miki ƙarya kusan safiya ɗari uku. In kin yaga takardar nan kin ce wani sabon taimakon ne, wa zai ce ba ki da hujja? Ni ma da ni ne ke, ba zan yarda ba.

Don haka ba yarda nake roƙo ba. Ranar Asabar mai zuwa za a cire ƙwallaye daga tafki kafin sanyi ya kama, daga nan sai wata shekara. Na je wurin Arvid na ba shi haƙuri, ya bar ni a tsaye a ƙofa na ɗan lokaci kafin ya ce in shigo. Ya yarda zai ja ki da ƙarfe bakwai na safe, kafin a fara cirewa. Kin san shi, ko uwarsa ce a ƙarshen igiya ba zai ba ta inci ɗaya ba. Na cika tanki, na sayi sabuwar igiya na auna ta sau biyu, na mayar da wutsiyar allonki daidai inda take a watan Yuli, daga lambobin da kika rubuta da hannunki. Ruwan ya yi sanyi, ki zo da rigarki mai dogon hannu. Mako bakwai ba ki hau ba, wataƙila ba za ki cinye ba ranar. Amma duk abin da kika samu, ko ƙwallo biyu ne, babu hannun kowa a ciki.

Ni ba zan kasance a wurin ba. Zan tafi gidan ƙanena tun ranar Juma’a, don kada ki hango ni a baranda ki fasa. Ina son ki dawo gida, Marlys, ina so, musamman in na ga kofinki a kan kanta. Amma in ɗaya kawai za a ba ni, ki koma ruwa, ko da ba ki komo gare ni ba. Ni ne na lalace, hannunki da ƙafarki ba su taɓa yin laifi ba.

In kin ga dama ki aiko mini da adadin ƙwallon da kika kewaye kawai, ba sai kin haɗa da gaisuwa ba. In ba ki aiko ba, ba zan tambayi Arvid ba, na riga na yi masa alkawari.

Naki tun daga ƙuruciya har ranar da za a rufe ni da ƙasa, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,

Leland