Hayaƙin Gidan Malam Modu

Zuwa ga yayana, Yaya Bukar, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Falmata da yaran. Mu nan Tudun Goruba muna godiya ga Allah. Ruwa ya zagaye mu wata biyu ke nan, kamar yadda ya saba.

Ka yi haƙuri da na rubuta maka a inda kowa zai karanta. Na kira wayarka har na gaji, na aika saƙo ta bakin direbobin kifi, shiru kake ji. Sai ga shi makon jiya ka sa hoton tafkinmu a shafinka, ka rubuta a ƙasa wai garinku mai daɗaɗɗen tarihi, kana kewarsa. Mutane suka yi ta yabawa. Wasu na tambayar ina ne nan, wata baiwar Allah ma ta ce za ta kawo yaranta hutu. Na ga ba ka ba su amsa ba. To, tun da a nan ake samunka, bari in ba ka labarin garin naka a gabansu.

Hoton nan ya tsufa, Yaya. Ni na ɗauka da wayarka, shekarar da ka tafi, shekara bakwai ke nan. Farin ruwan nan da ke ciki yanzu rabinsa kacala ce, ciyawar nan mai tsawo da ta fi mutum biyu, ta toshe hanyar kwale-kwale ta toshe magudana. Tafiyar da muke yi zuwa bakin titi kafin shayi ya huce, yanzu wuni take ci, ana sara ana turawa.

Kana tuna muna kiran tudun nan dutse? Babu ko tsakuwa a kansa, jigawa ce zalla, amma a ƙasar da ko'ina yake shimfiɗe, a wurinmu dutse ne. Idan muka hau soron masallaci muna hango gonakin shinkafa har wajen Auyo. Kai ne ka rantse mini wai daga nan kana ganin kasuwar Haɗeja, ni kuma da wautata na yarda, har na je na faɗa wa Inna.

Ba tarihi zan koya maka ba, ka fi ni sani, amma tun da ka yi shiru bari in faɗa. Malam Modu, kakan Baba, daga gabas ya zo, daga bakin Cadi, da jaki ɗaya da allunansa da matarsa. Ya tarar da tafkin nan a hannun mutanen ƙetare, na garin da ke ɗaya gaɓar, ya roƙi wurin zama, suka nuna masa tudun da ba wanda yake so. Sai aka yi wata shekara ta babban ruwa, garinsu ya nutse, suka watse suka bar ƙasar shekaru. Shi ya zauna. Ya yashe bakin tafkin, ya hana a kama 'ya'yan kifi, dangi suka biyo shi daga gabas, tudu ya zama gari.

Da mutanen ƙetare suka dawo aka yi shari'a. Alƙali ya yanke cewa tafki na wanda ya zauna ne, muddin yana zaune. Shaidar zaman kuwa hayaƙi. Kowace safiya a lokacin cikar ruwa, a ga hayaƙi ya tashi daga gidan Malam Modu, kuma namiji daga tsatsonsa ne zai hura da hannunsa. Idan aka yi safiya uku a jere ba a gani ba, tafki ya koma ƙetare da kifinsa da fadamarsa. Tun daga ranar har yau ba a taɓa yin safiya ukun ba.

Kai Baba ya fara koya wa. Ina tsaye a bayanka ranar da ya nuna maka yadda ake jira wuta ta kama sosai sannan a ɗora ɗanyar ciyawa, don hayaƙin ya yi kauri ya miƙe. Yakan ce, “Ku hura kafin ku wanke ido, na ƙetare sun riga ku tashi.” Ranar farko da aka bar ka kai kaɗai ka labta ciyawa kamar za ka ciyar da sa, hayaƙi ya cika ɗakin Inna, ta fito tana tari tana cewa ai ƙetare alƙali ya ce a nuna wa, ba ita ba.

Tsamiyar bakin gaɓa tana nan, inda ake ɗaure kwale-kwale. Rassanta na ƙasa sun mutu saboda yawan tsayuwa cikin ruwa, amma bara ta yi 'ya'ya. Rijiyar Malam Modu tana nan, ruwanta na nan da daɗinsa, sai dai ni da Hansatu matata kaɗai muke ja, guga ɗaya ya ishe mu wuni. Ramukan marinar da muke ɓuya a ciki sun cika da yashi. Gorubar da garin ya ci sunanta saura uku. Tsuntsayen nan da ke zuwa daga nesa idan sanyi ya shigo har yanzu suna zuwa su rufe ruwan, sai dai jan-baki ya fi su yawa, a cikin kacala yake kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa.

Ranar su, wato kamun kifi na gayya, ita ce kawai ba ta canza ba. Idan ruwa ya ja da rani, aka sa rana, kowa ya sauko da goransa da homarsa, tafkin ya cika da kawuna. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, mata a bakin gaɓa suna banda har yamma. Kai ne ka taɓa kama wani ragon ruwan da ya kusa jan ka ƙasa, ka fito da shi a rungume kana dariya, ruwa ya tafi da wandonka. Na san wannan ba za ka sa a shafi ba.

Abin da hotonka bai nuna ba shi ne garin ya tashi. Shekara huɗu da suka wuce ruwa ya ci gidajen gindin tudu, mutane suka koma sabuwar unguwa a bakin titi. Ba na zarginsu, wa zai zauna da jarirai a wurin da ungozoma ba ta iya zuwa? Amma cikinsu yana nan. Da kifin tafkin nan suke ci, da shinkafar fadamarsa suke aurar da 'ya'ya. Su suna can a tudun mun tsira, abincinsu yana rataye da hayaƙin da nake hurawa.

Kafin Baba ya rasu ya raba mana zaman, shekara ɗaya kai, shekara ɗaya ni. A gaban liman aka yi, ka ce ka ji ka karɓa. Ka yi taka ɗaya, ka ce za ka je Legas ka dawo kafin damina. Na yi tawa, na yi taka, na sake yin tawa. Ni 'ya'yana duka mata ne, suna wurin kakarsu a bakin titi saboda makaranta. Naka mazan ba su taɓa taka tudun nan ba. A duk tsatson Malam Modu, manyan maza daga ni sai kai.

Kada ka ce a yi dabara, an gwada. Bara zazzaɓi ya kayar da ni, Hansatu ta hura kwana biyu. A rana ta uku sai ga dattijon ƙetare, Malam Sale, a kwale-kwale, wai ya zo dubiya. Ya kawo mini saiwar magani, ya zauna a zaure yana jan carbi, bai tashi ba sai da ya ga na rarrafo na ɗora ciyawar da hannuna. Ya yi mini addu'a sosai ya tafi. Ba mugaye ba ne, Yaya. Kacala ta cinye gonakinsu fiye da namu, samarinsu suna zaune ba abin yi, ga tafki a gabansu suna kallo.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. Idona ne.

Tun bara na lura ina tuntuɓe da abubuwa, turmi, butar alwala, bakin ƙofa. Hansatu ta ce gaggawa ce ta yi mini yawa. A farkon cikar ruwan bana na hura wuta da asuba, na shiga kwale-kwale, na hau mashin zuwa Haɗeja, na ga likita, na kwana, na juyo na iso kafin safiya ta uku. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama za a iya tsare abin da ya rage idan aka yi aiki a Kano, amma sai na zauna kwana goma a ƙalla, kuma kada in wuce wata biyu. Ya ba ni maganin ɗigawa ya rubuta mini rana. Maganin ya ƙare. Ranar kuma Alhamis ce ta sama. Ruwan nan ba zai ja ba sai nan da wata biyu.

Na je ƙetare da kaina na roƙi kwana goma. Malam Sale ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce da shi kaɗai ne da ya ba ni wata guda, amma ba shi ya yanke ba, kuma idan ya ce a kau da kai samarin ba za su ji ba. Har bakin ruwa ya rako ni, ya riƙe mini kwale-kwale na shiga.

Na aika wa mutanenmu na bakin titi. Suka zo a kwale-kwale biyu, da liman da mai unguwa. Suka kawo buhun shinkafa da kwalli da zuma. Suka yi mini addu'a. Na yi ta jira wani ya ce, Gana tashi ka tafi, Allah zai ba mu wani abincin. Ba wanda ya faɗa. Suka ce Allah ya saka mini, suka tafi kafin la'asar saboda hanya. Wallahi ban ji haushinsu ba, da ni ne a wurinsu ban san abin da bakina zai iya faɗa ba. Amma da suka ɓace cikin kacala na zauna a gindin tsamiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izar Baba.

Hansatu ta ce mu tafi, tafki ya je inda zai je. Ta haɗa kaya sau biyu. Ni ma na taɓa sa ƙafa ɗaya a kwale-kwale. Sai na tuna matar marigayi Malam Isa da marayunta biyar, duk da bandar kifi take riƙe su, na tuna gidajen da na sani ɗaya bayan ɗaya, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ba jarunta ba ce. Tsoro nake ji, tsoron makanta da tsoron a ce a hannuna hayaƙin ya mutu, kuma na rasa wanda ya fi. Duk inda na juya ruwa ne. Na gaji, Yaya.

Da na fara takardar nan niyyata in kunyata ka. Na tanadi maganganu masu zafi, na kwana biyu ina wasa su. Amma ina rubutawa da manyan baƙaƙe, wayar a kan hancina, sai na yi ta ganinka kana ɗauke da ni a wuya kana ratsa fadama zuwa makaranta, ruwa har ƙirjinka, littattafanmu a kaina. Damina uku kana yi mini haka ba ka taɓa cewa na yi nauyi ba. Na san Legas ba ta sakin mutum. Wataƙila abin da kake ciki ya fi ƙarfin a faɗa a waya, wataƙila kunyar shekarun nan ce ta hana ka ɗauka. Idan ita ce, na yafe, duniya da lahira.

Kwana goma nake roƙo. Ɗakinka yana nan, Hansatu ta share. Itace na tara wanda zai ishe ka, ciyawa kuwa ga ta har bakin ƙofa. Kwale-kwale yana tashi daga bakin titi ran Lahadi da ran Laraba da hantsi. Idan ka shigo na Laraba, zan hura na safiyar in jira ka a gaɓa, ka sauka in hau.

Idan kuma ba za ka iya goman ba, ba zan tafi ba, ka sani. Zan zauna in ci gaba da hurawa, hannuna ya san murhun ko babu ido. Amma ka zo ko na wuni ɗaya ne, kafin ruwan ya ja. Abin da ya rage mini yanzu ɗan tsakiya ne kawai, kamar mai leƙe ta bakin gora, kuma kullum yana ƙara tsukewa. Har yanzu ya isa in gane fuskar mutum. Idan ka sauka kada ka tsaya a gefena ka yi sallama. Ka zo daidai gabana, ka matso kusa, ka ɗan daɗe.

Allah ya jiƙan Baba da Inna da Malam Modu, ya haskaka makwancinsu. Allah ya buɗa maka inda ya ƙuntata, ya raya maka zuriya. Allah ya ciyar da mutanenmu, ya ciyar da na ƙetare. Ni kuma ya ba ni haƙurin abin da ya rubuta mini. Amin.

Ka gaida Yaya Falmata da yaran. Hansatu tana gaishe ka.

Ƙaninka,
Modu Gana,
daga kan tudu.