Rabi ta buɗe baki

Yaya Sani, ka san abin da ɗiyarka Rabi ta yi ranar Lahadi?

Bari in gaishe ka tukuna. Ina gajiya, ya zaman Abijan, ya mutanen ɗakinku? Nan Azarori Inna da kowa lahiya lau.

Da ƙyanda ta shigo Madawa, anka cika ɗakin likitar ƙwaƙwalwar yara da majinyata, sai likitar, wadda ke duba Rabi, ta ce kada mu kai ta sai ƙyandar ta lafa. Hankalina ya tashi, don tun sanƙarau na bara yarinyar ba ta ce uffan ba. Amma matar nan ba ta yada mu ba. Ta aiko da hotuna da takardar yadda za a nuna mata su, kowace Laraba kuma tana kirana. Kullum da hantsi nake zama da Rabi.

Lahadi na ɗaga hoton akuya. Ta dube shi, ta dubi tamu, ta ce, "Akuya." Inna ta saki ludayi tana kuka.

Ka sa mu addu'a, ka gaida abokanka.

Saura Kawu Idi, da ya ce a ƙofar masallaci ciwon Rabi aikin iskoki ne, wai ni da ban shiga lakkol, makarantar boko, ba mi zan karanta a takardar likita? Ka kira shi. Ka ce masa ya dawo wurin, gaban mutane, ya amsa cewa ya yi kuskure.

Ƙanenka, Lawali