Ƙaryar da na yi a kan allurar fuka tana neman kashe mini yarinya

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Admin, ni ban yi boko ba, murya na turo, ka rubuta yadda na faɗa, ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na haura tamanin ban taɓa neman shawarar kowa ba sai yau.

A Bauchi na yi aure, can cikin gari, amma iyayena Fulanin daji ne. Ɗana na fari da fuka ya tashi, wadda yanzu kuke ce wa asma. Yana shekara huɗu ta taso masa da ƙarfi, ƙanwar mijina ta ja mu asibiti. Wata nas, mai ɗan agogo maƙale a ƙirji, ta zaunar da shi ta hana a kwantar, ta ƙirga numfashinsa, ta duba leɓensa da faratansa, ta ce ya faɗi sunan babansa, ya kasa haɗawa. Ta yi masa allura, kafin la'asar yana wasa. Ta ja ni gefe ta ce kada na ƙara yi masa turare, in ya kasa magana na kawo shi a guje, in kuma kukan ƙirjin ya yi shiru alhali yana galabaice, wannan ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina shiga. Na ce to, a raina ina cewa yarinyar da ko haihuwa ba ta yi ba me ta sani.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, ana ta raba wa 'yan makaranta tuta, ta sake taso masa da hantsi. Ku sani, ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, balle a gan ta ta saɓo shi tana gudu a titi, mata za su ce ba ta da kunya. Sai na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa ganye kamar yadda innata ke yi, na lulluɓe shi da gwado. Kukan ya yi shiru. Wallahi hamdala na yi, na koma tuƙin tuwo. Da babansa ya shigo ya yaye gwadon, leɓen yaro ya riga ya yi baƙi. Muka kai shi asibiti, nas ɗin nan dai ta karɓe shi, ta yi allura, bai tashi ba. Ni kuma na dawo gida na ce allurar ce ta kashe shi. Na iya tsara magana, kowa ya yarda, har mata suka daina amsa gaisuwarta a gidan suna.

Wannan labarin na raini 'ya'ya da jikoki da shi. Yanzu jikana Sale, da muke zaune tare a Fadaman Mada, 'yarsa Ummi na da fuka. Matarsa ta kai ta asibiti a ɓoye, aka ba su abin shaƙa, inhela, ya gani ya jefa a masai, ya ce ba za a kashe masa 'ya yadda aka kashe kawunsa ba, Dada ce shaida. Dadar ni ce. Shekaranjiya da rana fukar ta taso wa Ummi, Sale ya hura garwashi da hannunsa, ya ce na zo na sa albarka. Na ji Ummi ta ce "Da... da..." ta kasa ƙarasawa. Na shure kaskon, na ce ƙafata ce ta zame. Sai Allah ya sa ta lafa. Matar Sale ta zo tana kuka tana roƙona na saki jikana daga wannan magana, na kore ta na ce ba ta da tarbiyya.

Na gwada ce wa Sale asibitin yanzu daban ne, ya yi dariya ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ba abin da zai juya shi sai gaskiya, in kuma na faɗa, uwar da suka sani ta zama wadda ta lulluɓe ɗanta ta ɗora wa nas, baiwar Allah, laifi. To na tara su duka na faɗa, ko na kira Sale shi kaɗai? Ta ina zan fara? Ku amsa mini yau, don Ummi tun safe take tari. Shi kuma ɗan nawa, sunansa Buba. Yau na fara faɗa da bakina.