Na Ɗanɗana Na Tofar, Amma Zoɓo Ya Tona Ni

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yi mini ca, a bari in kai aya. Da hannuna nake rubutun nan, sannu a hankali, don da girmana na koyi boko.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, muna zaune a Salford. Maiɗakina nas ce, aikinta ne ya kawo mu ƙasar nan. Ni allo na yi, sai kasuwa. A rumfar turaren mahaifina na tashi, inda yaro ke shan ranƙwashi in ya kasa bambance almiski na gaske da na algus da ido rufe. Da muka zo na shiga ajin manya a library ta unguwarmu, har na fara haɗa baƙi da wasali, sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, council ta rufe ajin. Na bi ƙannenmu 'yan uni a masallaci ko wani zai riƙa duba mini karatu. Kullum amsa ɗaya ce: "In sha Allahu bayan exams, Baba." Exams ɗin nan har yau ba su ƙare ba.

Aikin da na samu a sito ne, wajen Old Trafford, na wata dattijuwa Bafaranshiya da muke kira Madam. Cuku take shigowa da shi, da man zaitun, da giyar inabi. A gida na faɗi biyu na farko na haɗiye na uku. Madam ta lura cewa da launin takarda nake gane kwali, ba da rubutu ba. Ba ta yi dariya ba. Lokacin hutu sai ta ajiye kwalba a gabana ta ce in karanta. Kun ji abin kunya? Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, kalmar boko ta farko da ya karanta babu gargada ita ce Syrah, sunan baƙin inabin da ake giya da shi.

Wata rana masu gidajen abinci suka zo ɗanɗano, ina jera kofuna, ƙamshi ya doke ni, bakina ya suɓuce na ce, "Madam, wannan ai masoro ne da kilishi." Na yi mata bayanin kilishi. Ta kalle ni, ta miƙo kofin saitin hancina ta ce, "Sai me kuma?" Na ce zaitun, da hayaƙin banda, da ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. Sai ga ta tana tafi kamar yarinya. Ta ba ni labarin arewacin kwarin kogin Rhône, inda inabin ke fita a gangaren duwatsun da tarakta ba ta iya hawa, sai da hannu ake tsinka. Na koyi cewa giyar yankin Crozes-Hermitage mai sauƙin kai ce, ta Cornas kuwa taurin kai gare ta, sai ta shekara da shekaru kafin ta saki ranta. Jama'a, tun da na baro gida wa ya taɓa tambayata sai me kuma? Wa ya taɓa yi mini tafi?

Sai ta ce hanci rabin aiki ne, sai da harshe. Na ce addinina ya hana. Ta nuna mini bokiti ta ce, "Mu ma ba ma haɗiyewa. A juya kofi, a shinshina, a kurɓa, a tofar." Nan Shaiɗan ya tuno mini da mai azumin da ke ɗanɗana gishirin miya. Na tari wani malami bayan Juma'a na ce, "Allah gafarta Malam, abin da aka ɗanɗana aka tofar, ya shiga ciki?" Ya ce, "In bai wuce maƙogwaro ba, azumi na nan." Na san miya yake nufi. Na san ba tambayata ya amsa ba. Amma na naɗe fatawar na sa a aljihu. Tun daga nan nake kurɓa ina tofarwa, in kurkure baki har dasashi ya yi zafi, in yi alwala. Ban taɓa haɗiyewa ba, ban taɓa maye ba. To amma wa nake yaudara? Ai har mai ɗauka da mai miƙawa an ambata a hadisin la'antar giya. Abin da ya fi ci mini rai ma, ba ƙyamar giyar nake ji ba. Daɗin gane ta nake ji.

Asirina a Birmingham ya fara tonuwa, wajen sunan jikar wata aminiyar maiɗakina a Ladywood. Aka miƙo mini zoɓo a kofin gilashi. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga shi saitin taga ba, na juya, na cusa hanci, na kurɓa ina zuƙar iska, sannan na fara waige-waigen bokiti. Wani likita da ke gefena ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Baban Ummi, ta bana ce ko ta bara? Wace gona?" Shi kaɗai ya gane, kuma ban tambaye shi inda shi ya koya ba. Ashe maiɗakina na bakin ƙofa da tire a hannu.

A mota ta ce, "Baban Ummi, me likita yake nufi da ta bara?"

Na ce, "Zolaya ce kawai."

"Tun yaushe ake shinshina zoɓo? Kuma me kake nema a ƙasa da baki cike?"

Na ce halin 'yan turare ne, gado ne. Ta ce, "Allah ya jiƙan Baba." Ta yi wa mahaifina addu'a a kan ƙaryata!

Yanzu Madam ta ce in raka ta Faransa lokacin tsinkar inabi, mu ɗanɗana daga ganga, in zama mataimakinta. A gida na ce gonar zaitun za mu. Maiɗakina, baiwar Allah, ta buga wa 'yan'uwanta waya har Kano, ta goge mini kaya, ta ce in taho wa Innarta da man zaitun na asali saboda ciwon gwiwa. Jiya tana ninke rigata ta ce, "Ka gani ko? Haƙurinka ya yi rana. Da ma na san akwai ranar da za a san darajarka."

Na kasa haɗa ido da ita. In na faɗa mata, na rushe ranar da ta daɗe tana jira, kuma ba za ta ƙara yarda da ko da sallamata ba. In na yi shiru, da bakin da na kurkure zan ci gaba da ja mata sallah. Jakata na nan a bakin ƙofa, ta sa mini sallaya a sama. Don Allah, me zan yi?